Shekara uku ina kiwon jajayen kaji masu ƙwai a bayan gida

Halin waɗannan kaji ne ya fara jan hankalina, tun kafin in san yawan ƙwan da suke sakawa. Na kai wa yayata ziyara wata rana da yamma, na iske ta a bayan gida tana zuba wa kajinta ruwa, sai ga wata jar kaza ta tako a hankali ta tsaya a gefen ƙafarta. Yayata ta sunkuya ta ɗauke ta da hannu ɗaya kamar mai ɗaukar kyanwa, kazar ba ta yi kuka ba, ba ta kuma kaɗa fiffike ba. Ni da na saba da kajin gargajiya, waɗanda sai an tara yara an yi ta zagaye kafin a kama ɗaya, abin ya ba ni mamaki ƙwarai. Na ce, "Yaya, wace irin kaza ce wannan?" Ta ce, "Sunanta ISA Brown. Amma kada ka yi gaggawa, domin yadda take da sauƙin hali, haka take da wuyar riƙo." Na ji rabin farko na maganar da kyau, rabin ƙarshen kuwa sai da na yi asara kafin in gane abin da take nufi. Shi ya sa nake rubuta abin da na bi daki-daki, ko wani mai niyyar farawa zai tsira daga ruɗanin da na shiga.

Daga baya na fahimci cewa ISA Brown ba tsantsar iri ba ce, haɗin aure ce, wato an haɗa kaji iri dabam-dabam ne aka samo ta. Wata cibiyar zaɓen irin dabbobi ta ƙasar Faransa, mai suna Institut de Sélection Animale, ita ta fitar da ita a 1978, kuma haruffan farko na sunan cibiyar ne suka zama sunan kazar. A yau kamfanin Hendrix Genetics na ƙasar Holan ne ke riƙe da irin. Tana da 'yan uwa masu kama da ita a siffa da aiki, kamar Lohmann Brown ta Jamus da Hy-Line Brown ta Amurka, kuma kusan duk abin da zan faɗa a nan ya shafe su. An zaɓi iyayensu ne da manufa guda: a samu kaza mai nauyin kusan kilo 2, mai fara ƙwai da wuri, a wajen mako na 18 zuwa na 20, mai iya saka kimanin ƙwai 300 a shekararta ta farko, wadda kuma ba ta damu da kwanci ba. Sanyin halin nan da ya burge ni yana cikin abin da aka nema, domin kaza mai firgita ba ta dace da wurin da ake tara kaji da yawa ba.

Matakina na farko kuskure ne, kuma gaggawa ce ta jawo shi. Ban so wahalar renon 'yan tsaki ba, don haka na nemi waɗanda suka kusa fara ƙwai. Wani mai sayar da kaji ya kawo mini guda 6, ya rantse cewa makonsu 17, nan da kwana goma zan fara tsintar ƙwai. Ban tambaye shi ranar ƙyanƙyasarsu ba, ban nemi takardar rigakafi ba, ban ma san akwai irin wannan takarda ba. Na ga gashinsu ya ɗan zube a wuya da baya, ya ce zafin hanya ne, na yarda. Washegari kuwa na tsinci ƙwai biyu manya, na yi murna ina cewa sun ma riga lokaci. Murnar ba ta daɗe ba. Cikin mako biyu ƙwan ya koma ɗaya a rana, wani lokaci babu, ɓawonsa kuma sirara ne har yatsa na iya huda shi. A mako na uku na iske ɗaya ta mutu a kwance a lungu, wata kuma ta takure tana lumshe ido.

Wannan ce ta kai ni wurin likitan dabbobi karo na farko. Na sa marar lafiyar a kwali, na yi jira kusan awa biyu a bayan masu awaki da karnuka, zuciyata cike da fargabar ko wata annoba ce ta shigo mini gida. Da layi ya zo kaina, likitan ya juya kazar, ya duba ƙafafunta da bakinta, ya taɓa ƙasan cikinta, sannan ya ce, "Malam, wa ya ce maka wannan budurwar kaza ce? Wannan ta haura shekara ɗaya da rabi tana aiki." Ya nuna mini alamun da idona. Budurwar kaza ta wannan iri ƙafafunta da bakinta rawaya ne shar, amma yayin da take ta saka ƙwai, launin yana tafiya cikin gwaiduwa, sai ƙafafun su koɗe su yi fari-fari. Jan naman kan budurwa ƙarami ne, bai cika ja ba, gashinta kuma sumul yake. Ya kuma ce babban ƙwai a rana ta farko shi kansa shaida ne, domin kaza da ƙaramin ƙwai take farawa. A taƙaice, an sayar mini da kajin da wata gona ta gama cin moriyarsu. Na biya kuɗin ganin likita da na magani, na koma gida jikina a sanyaye. Marar lafiyar ba ta tashi ba, huɗu suka rage, kuma na bar su suna rayuwarsu a wani ɓangare.

Bayan wata guda na yanke shawarar farawa daga tushe, wato da 'yan tsaki masu kwana ɗaya. A nan na gane cewa ba a zuwa maƙyanƙyasa a saya kamar yadda ake sayen kaya a kanti. Sai an rubuta suna, an biya wani kaso na kuɗi, sannan a jira ranar ƙyanƙyasa. Manyan maƙyanƙyasai kuma da kwali suke sayarwa, mai ɗauke da 50 ko 100, ni kuwa 12 kacal nake buƙata, don haka sai ta hannun wakili na bi, wanda ya haɗa ni da wasu masu ƙaramin kiwo muka raba kwali. An ce mini mako biyu, ya zama mako uku da kwana biyu. Jiran ya dame ni a lokacin, amma ya yi mini rana, domin a cikinsa na shirya wurin reno: na kewaye wani lungu na ɗaki da kwali mai tsayin gwiwa, na lanƙwasa shi ya zama da'ira don kada tsaki su matsu a kusurwa, na shimfiɗa dusar katako mai kaurin yatsa huɗu, na rataya fitilar ɗumi, na sayi ƙananan mazubin ruwa da na abinci da ma'aunin zafi. Na wanke komai da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na bar shi ya bushe. Kuɗin wannan shiri ya fi kuɗin 'yan tsakin kansu nesa ba kusa ba, abin da ban taɓa sawa a lissafi ba.

Ranar karɓa na isa tun da sassafe, amma motar ba ta iso ba sai wajen azahar. A wannan karo na riga na koyi darasi, don haka kafin in taɓa kwalin na nemi abu biyu a rubuce: ranar ƙyanƙyasa, da shaidar cewa an yi musu allurar cutar Marek a maƙyanƙyasa. Wannan cuta tana shanye ƙafafun kaji, ba ta da magani, kuma rigakafinta a ranar farko ake yin sa. Idan aka wuce ba a yi ba, amfaninsa ya ragu ƙwarai. Wakilin ya ɗan ɓata rai, ya ce ba a saba tambayarsa ba, amma ya nemo mini hoton takardar da ta zo da kayan, ya kuma rubuta mini rasit mai kwanan wata. Wani abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, a wannan iri ana gane mace da namiji tun ranar farko ta launi: matan jajaye-jajaye ne, mazan kuwa farare ne masu ɗan rawaya. Na duba nawa ɗaya bayan ɗaya, duka 12 jajaye ne, idanunsu a buɗe, cibiyarsu a bushe, suna tsaye a kan ƙafafunsu. Da na isa gida na tsoma bakin kowace a ruwa kafin in sake ta, na jinkirta abinci na ɗan lokaci har sai da na ga duk sun sha.

Makon farko shi ne mafi wuya a gare ni, kusan ban yi barcin kirki ba. Tsako yana buƙatar ɗumi na digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas a makon farko, sannan a riƙa ragewa kimanin digiri 3 kowane mako har gashinsa ya fito sosai a wajen mako na 5 ko na 6. Amma na gano cewa su tsakin sun fi ma'aunin faɗin gaskiya. Idan suka dunƙule a ƙarƙashin fitila suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji. Idan suka gudu gefe suna buɗe baki, zafi ya yi yawa. Idan suka bazu ko'ina suna ɗan ƙaramin sauti, komai daidai ne. A dare na huɗu fitilar ta mutu ban sani ba. Da na farka na iske su sun hau juna a wuri guda, ɗaya a can ƙasa ta riga ta sandare. Na ɗauke ta a tafin hannuna, ba ta fi nauyin ƙwai ba, na daɗe a tsugune ina kallon ta, domin na san sakacina ne. Tun daga ranar na ajiye hanyar ɗumi ta biyu a kusa. A cikin kwanakin ne kuma na lura kashi ya bushe ya toshe bayan wasu biyu. Na jiƙa tsumma da ruwan ɗumi na goge a hankali, ban finciko ba, na shanya su kusa da fitila, suka warware.

Sai maganar rigakafi, wadda ta fi komai rikita ni. Na koma wurin likita da rasit ɗina, ya duba ranar ƙyanƙyasa, ya rubuta mini jadawali a takarda: na cutar Niyukasil a cikin kwanakin farko, da maimaici daga baya, na cutar Gumboro sau biyu tsakanin mako na 2 da na 4, na ƙurajen kaji, wanda ake sokawa a fatar fiffike, a wajen mako na 6 zuwa na 8. Ya ce jadawalin yana canzawa gwargwadon cututtukan da ke yawo a yanki, don haka kada in kwafi na wani. Matsalar ita ce, kwalbar maganin rigakafin ta ɗaruruwan kaji ce, ba a yi ta don mai 11 ba, kuma da zarar an haɗa ta da ruwa sai a yi amfani da ita cikin awa ɗaya zuwa biyu, ragowar ba ta ajiyuwa. Dole ta kasance cikin sanyi, tsakanin digiri 2 da 8, tun daga kanti har gida, kuma ruwan da aka sa wa sinadarin kulorin yana kashe ta. Mu da muka raba kwalin tsaki sai muka riƙa raba kwalbar ma, tunda kajinmu sa'annin juna ne. Ranar Gumboro na janye musu ruwa na kimanin awa biyu don su ji ƙishi, sannan na ba su ruwan maganin na tsaya a kansu har na ga kowace ta sha. Kowace rana da sunan magani na rubuta su a wani ƙaramin littafi, wanda daga baya ya zama mafi amfanin abin da na mallaka a wannan kiwo.

A tsakanin nan ne sabo ya shiga. Kowace yamma nakan zauna a ƙasa ni da 'yata, mu zuba ɗan abinci a tafin hannu mu miƙa, ba tare da mun kai musu cafka daga sama ba, domin duk abin da ya sauko daga sama kaza shaho take ɗaukarsa. Kafin mako uku sun fara hawa gwiwarmu. Akwai wata mai farin gashi da yawa a wutsiya, wadda 'yata ta sa wa suna Farar Wutsiya. Ita ce kullum ta farko, takan hau kafaɗar yarinyar ta zauna, har ta yi gyangyaɗi. A mako na 7 na mayar da su akurkin da na gina, inda na ba kowaɗanne kaji uku murabba'in mita ɗaya a ciki, da kimanin murabba'in mita ɗaya ga kowace a filin waje. Na sa sandar kwana, na rufe tagogi da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu saboda ɓeraye da muzuru, na kuma canza abinci daga na 'yan tsaki, mai furotin, wato sinadarin gina jiki, kusan kashi 20 cikin 100, zuwa na masu tasowa, a hankali cikin kwana biyar. Kuskuren da na yi a wannan mataki shi ne haɗa su da tsofaffin huɗun nan a rana guda. Ashe sanyin halinsu ga mutum bai hana su tsananta wa junansu ba. Tsofaffin suka hana ƙananan kusantar abinci, suka fasa wa ɗaya kai har jini ya fito, kuma da kaji suka ga ja, sai su yi ta sara. Na raba su da raga, suna ganin juna ba sa taɓa juna, har sai da ƙananan suka kusa kai girman manyan, sannan na haɗa su da dare, na ƙara mazubin abinci na biyu a nesa da na farko.

Daga mako na 16 jira ya fara cin raina. Na kafa akwatunan ƙwai uku a wuri mai ɗan duhu, tunda akwati ɗaya yana isar kaji huɗu zuwa biyar, na shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ina leƙawa safe da yamma. Wani ya ba ni shawarar in riƙa kunna musu fitila duk dare don su fara da wuri. Allah ya taimake ni na tambayi likita, ya ce kada in kuskura, domin ƙara haske kafin jikin kaza ya gama ginuwa yana sa ta fara ƙwai da ƙaramin jiki, abin da ke jawo fitowar mahaifa. Idan ta fara, awa 14 zuwa 16 na haske a rana sun isa, sauran kuma duhu ne take buƙata don ta huta. Ya ce kuma kada in ba su abincin masu ƙwai tun suna ƙanana, saboda yawan kalsiyam ɗinsa, wato sinadarin gina ƙashi da ɓawon ƙwai, yana lalata ƙodar wadda ba ta fara sakawa ba. Alamun suka zo da kansu. Jan naman kansu ya girma ya yi ja wur, suka fara shiga akwatunan suna tona ciyawa, kuma idan na kai hannu sai su durƙusa su ɗan buɗe fukafukai. A mako na 19, wata safiya, 'yata ta shigo da gudu tana cewa, "Baba, Baba, zo ka gani!" Ƙaramin ƙwai ne mai ruwan ƙasa, da ɗumi har yanzu, da ɗan ɗigon jini a ɓawonsa. Kafin mako na 25 ina tsintar 10 a yawancin ranaku daga kaji 11, wata rana ma duka 11.

A daidai lokacin da na ɗauka na gama koyo ne na tafka kuskure mafi muni. Kowace kaza tana cin gram 110 zuwa 120 a rana, tana shan ruwa kusan ninki biyu na hakan, fiye ma idan ana zafi. Da na haɗa da tsofaffin, buhu mai kilo 25 bai wuce mini mako biyu ba, kuma da na duba littafina na ga abinci ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku na duk abin da nake kashewa. Sai na yi dabarar da na zaci hikima ce: na riƙa gauraya abincin da dusa da tsakin hatsi, rabi da rabi, ina ƙara musu ragowar abincin gida. Kajin suka yi ta ci da murna, har suna zaɓar hatsin su bar garin. Cikin mako uku ƙwan ya sauka zuwa 6, ɓawon ya yi laushi, wata rana na tsinci ƙwai da ba shi da ɓawo sam, sai fata kawai. Suka kuma fara fasa ƙwai suna sha. Sannan wata safiya na iske ɗaya da jan nama ya fito mata ta baya, sauran suna bin ta suna sara.

Na naɗe ta a tawul na garzaya wurin likita. Ya wanke wurin, ya mayar da naman a hankali, ya ce in keɓe ta a wuri mai duhu na wasu kwanaki don ta dakata da ƙwai jikinta ya huta. Da ya tambaye ni abin da suke ci na faɗa masa gaskiya, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya yi mini bayanin da ba zan manta ba. Ya ce ƙwai ɗaya yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a jikin kaza, kuma kusan awa 20 daga ciki a gina ɓawo suke tafiya, yawanci da dare. Kowane ɓawo yana ɗauke da kimanin gram 2 na kalsiyam. Kazar gargajiya idan abinci ya yi ƙaranci takan daina sakawa ta tsira da jikinta, amma wannan an gina ta ne a kan ta ci gaba, don haka idan ba ta samu kalsiyam a abinci ba, daga ƙashinta za ta ciro. Abincin masu ƙwai yana da furotin kashi 16 zuwa 18 cikin 100 da kalsiyam kusan kashi 4, ni kuwa da na gauraya shi na raba kalsiyam ɗin kusan biyu. Kunya ta kama ni, domin kazar da ke zuwa ta kwanta a hannuna ita nake bari tana cin ƙashinta don ta ba ni ƙwai. Na koma ga cikakken abinci a ranar, na ajiye dakakken ɓawon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo mai kalsiyam, a mazubi dabam don mai buƙata ta ɗiba, na taƙaita ganye da hatsi zuwa ɗan abin marmari da yamma. Ɓawo ya gyaru cikin kwana goma, amma yawan ƙwan ya ɗauki fiye da wata guda kafin ya dawo. Likitan ya kuma gargaɗe ni cewa duk kazar da aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, a zubar da ƙwanta har kwanakin da aka rubuta a jikin maganin su cika.

A shekara ta biyu na yi tunanin in huta da sayen tsaki, in ƙyanƙyashe nawa. Na samo zakara, na tara ƙwai, na jira wata ta kwanta, babu wadda ta ko nuna sha'awa. Suna sakawa su tashi su tafi. Na aro kazar gargajiya mai kwanci daga wurin yayata, ta zauna a kan ƙwai 8 na kwana 21, 6 suka fito. Launinsu ya bambanta, ba a gane mace da namiji, uku suka zama zakaru, matan kuma da suka girma ba su kai iyayensu ƙwai ba, ko kusa. Haɗin aure haka yake: kyawun yana tsayawa a zuriya ta farko, wanda kuma yake son irinsa sai ya koma maƙyanƙyasa. A wajen wata na 18 kuma sai gashinsu ya fara zuba, akurki ya cika da shi, ƙwai ya kusa tsayawa. Na tsorata na zaci cuta ce, ashe sauyin gashi ne da kaza ke yi, wanda ke ɗaukar makonni, kuma a lokacin furotin take ƙara buƙata. Da suka dawo ƙwan ya fi girma amma ya ragu, kuma bai sake kai na shekarar farko ba. A wannan lokacin ne ma na gano wasu ƙananan jajayen ƙwari masu shan jini, waɗanda ba a ganin su a jikin kaza da rana, sai a tsagar katako da ƙarƙashin sandar kwana. Da dare na haska fitila na goga farin tsumma a sandar, ya fito da jirwayen jini. Sai da na yi feshi sau uku, mako guda tsakani, kafin su ƙare.

Farar Wutsiya ta mutu tana da shekara biyu da wata goma. Cikinta ya kumbura, ta fara tafiya a miƙe tana jan jiki, ta daina hawa sanda. Likita ya ce gwaiduwa ce ta zube a cikin cikinta ta jawo kumburi da ruɓa, kuma hakan ya zama ruwan dare ga kajin da suka saka ƙwai da yawa. Magani ya ɗan sassauta mata na mako biyu, sannan ta tafi. 'Yata ta yi kuka sosai, ni ma abin ya taɓa ni fiye da yadda na zata. Ana cewa sabo da kaza ba ya hana yanka, amma duk wanda ya reni wannan iri a hannu ya san cewa sabon yana da nauyi, kuma gara mutum ya shirya wa iyalinsa tun farko cewa waɗannan kaji ba su cika yin tsawon rai kamar na gargajiya ba.

Da zan sake farawa, ba zan karɓi kaza ko tsako ba sai da ranar ƙyanƙyasa da shaidar rigakafi a rubuce, kuma zan je wurin likita kafin in saya, ba bayan an fara mutuwa ba. Zan gama akurki da wurin reno kafin in rubuta sunana a wurin wakili. Zan lissafa abincin wata shida gaba ɗaya, domin kusan wata biyar mutum zai yi yana ciyarwa ba tare da ya ga ƙwai ko ɗaya ba, kuma idan aljihuna ba zai ɗauki cikakken abincin kaji 12 ba, zan sayi 6 ne in riƙe su da kyau. Duk sabuwar kazar da za ta shigo gidan sai ta yi wata guda a keɓe. Akwai kuma abin da sanyin halinsu ke jawowa wanda ba a cika faɗa ba: ba sa gudun abin da ya kamata su guda, sukan tsaya suna kallon kare ko shaho, kuma a cikin garke mai iri dabam-dabam sau da yawa su ake turewa daga abinci, don haka kariyarsu tana wuyan mai su. Sukan kuma ɓoye ciwo har ya yi nisa, shi ya sa nake ɗaukar kowace a hannu sau ɗaya a mako, in taɓa ƙirjinta in ji ko ta rame, in duba ƙarƙashin fiffike da bayanta, abin da yake da sauƙi tunda su da kansu suke zuwa.

Yanzu bakwai suka rage daga cikin 11 ɗin, suna ba ni ƙwai uku zuwa huɗu a rana. Na yanke shawarar barin su har ƙarshen kwanansu, na kuma daina ƙara musu haske, ko jikinsu zai ɗan samu hutu. Don kada ƙwai ya yanke a gidan, na rubuta sunana a wurin wakili na sababbin tsaki 6, na riga na ja raga a gefen akurki inda za su zauna idan sun tasa, kuma na buɗe sabon shafi a littafin rigakafi ina jiran ranar ƙyanƙyasa.